Da wane mudu kotu ke auna haɗarin mai laifin fyaɗe?

A jihar New York ta Amurka, wanda aka ɗaure kan fyaɗe ko lalata da ƙananan yara ba ya gamawa da kotu don wa'adinsa ya cika. Idan sakinsa ya matso, sai a sake buɗe fayil ɗinsa gaban alƙali. Maganar ya aikata ko bai aikata ba ta riga ta wuce, abin da ake son sani yanzu shi ne ko zai kuma. A wannan zama alƙali zai ajiye shi a ɗaya daga cikin matakai uku. Na mataki na ɗaya, wato mai ƙaramin haɗari, sunansa zai zauna a rajistar masu laifin jima'i shekara 20, amma ba za a sa shi a shafin intanet da kowa ke dubawa ba. Na mataki na biyu da na uku kuwa rajistarsu ta tsawon rai ce, hotonsu da adireshinsu suna nan a fili ga duk mai so. Na mataki na uku ma sai ya kai kansa wurin 'yan sanda duk bayan kwana 90 ya tabbatar da inda yake kwana. Samun gidan haya, samun aiki, zaman lafiya da maƙwabta, duk sun rataya a kan wannan lamba guda.

Ina goyon bayan a yi irin wannan zama, kuma saboda yara nake goyon bayansa. Masu wannan laifi ba ɗaya suke ba. Akwai wanda zai fito yau, gobe ya koma farautar yara, akwai kuma wanda har ya mutu ba zai sake ba. Hukumar da ta kasa bambanta su za ta raba 'yan ma'aikatanta a kan dubban mutane, mai haɗarin gaske ya saje a cikin taron. Amma goyon bayan nawa da sharaɗi: awon ya tsaya a kan hujjar da aka gwada aka ga tana aiki, kuma a riƙa sake shi idan shekaru sun ja. A waɗannan wurare biyu ne Amurka ta yi ta tuntuɓe, kuma tuntuɓen nata ya cancanci a duba shi da kyau.

Tushen abin baƙin ciki ne. A watan Yulin 1994, a garin Hamilton na jihar New Jersey, wani maƙwabci ya yaudari wata yarinya 'yar shekara 7 mai suna Megan Kanka zuwa gidansa, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Sau biyu an taɓa kama mutumin da laifin cin zarafin yara, kuma iyayenta suka ce ba wanda ya taɓa faɗa musu wane ne ke zaune a tsallaken titinsu. Cikin watanni kaɗan jihar ta yi dokar da aka sa wa sunan yarinyar, a 1996 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan ta tarayya, wadda ta wajabta wa jihohi sanar da jama'a game da irin waɗannan masu laifi. Duk mai 'ya'ya ya san zafin da ya haifi wannan doka, kuma ban ga laifin iyayen da suka tashi tsaye a kanta ba. Sai dai doka na iya fitowa daga zafin zuciya, amma aiwatar da ita a kan mutum dubu ɗari sai da sanyin kai.

Nan hanya ta rabu biyu. Jihohi irin su New Jersey da New York suka ce a auna mutum ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin tarayya kuwa, a dokar Adam Walsh da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2006, ta ce a duba sunan laifin da aka yanke wa mutum hukunci a kai kawai: wannan sashe shekara 15 a rajista, wancan shekara 25, wancan har mutuwa. Babu zama, babu tambayar ko mutumin tsoho ne ko matashi, ko karonsa na farko ne ko na biyar. Jihar da ta ƙi bi ana yanke mata kashi 10 cikin ɗari na wani tallafin tsaro da tarayya ke bayarwa, amma duk da haka akasarin jihohi ba su cika sharuɗɗan ba, New York ma tana cikinsu.

Hanyar tarayya tana da sauƙi, kuma a ido kamar adalci ce, tunda laifi ɗaya mataki ɗaya. Matsalarta ita ce sunan laifi a takardar hukunci sau da yawa ciniki ne ya haife shi. Akasarin shari'o'in laifi a Amurka ba a kai su ga sauraron shaidu, ana ƙare su ne da yarjejeniya tsakanin mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma: ka amsa ƙaramin laifi, a janye babba. A shari'ar yara wannan ya fi yawa, domin ba a son a tsayar da yarinya a kotu ta maimaita abin da aka yi mata. To mai wayo da lauya mai kyau zai fito da ƙaramin suna, ya sauka a ƙaramin mataki. A 2012 wata mai bincike, Kristen Zgoba, da abokan aikinta suka bi tarihin waɗanda aka saki a jihohin Florida, Minnesota, New Jersey da South Carolina, suka jera su bisa matakan dokar Adam Walsh. Matakan ba su nuna wanda zai sake laifi ba. A Florida ma abin juyewa ya yi, waɗanda aka sa a mataki na biyu sun fi na mataki na uku komawa ga laifin. Wannan kaɗai ya ishe ni in ce hanyar ba ta tsare yara, ko da tana kwantar wa jama'a da hankali.

Bari mu koma New York mu ga yadda nata awon yake, don a cikin bayanansa ne maganar take. Akwai hukumar jiha da ke cike wata takarda mai tambaya 15, kowace da makinta. Ya yi amfani da makami, maki 30. Ya ji wa wanda ya zalunta rauni, 15. Mutum biyu ya zalunta, 20, uku ko fiye, 30. Yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa, ko tsoho ɗan 63 zuwa sama, 30. Baƙo ne ga wanda ya zalunta, ko ya ƙulla hulɗa da shi ne don ya same shi, 20. Tarihin shaye-shaye, 15. Bai amsa laifinsa da gaske ba, 10. Za a sake shi babu jami'in da zai sa masa ido, 15. Sai a tara. Maki 70 zuwa ƙasa mataki na ɗaya, 75 zuwa 105 na biyu, 110 zuwa sama na uku. Akwai kuma abubuwa huɗu da ke tura mutum mataki na uku ko nawa ne makinsa, ciki har da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifin jima'i a baya, da wanda ya yi kisa ko mummunan rauni.

Abin da nake yabawa a wannan tsari shi ne zaman kotun kansa. Mutumin yana da lauya, gwamnati ce kuma ke da nauyin kawo hujja bayyananna mai gamsarwa a kan kowane maki da take son a ɗora masa. Ba haka aka fara ba. Sai da wata kotun tarayya a 1998 ta ce tsarin farko bai ba mutane cikakkiyar damar kare kansu ba, sannan majalisar jihar ta gyara. Alƙali kuma ba bawan lissafi ba ne: yana iya hawar da mutum sama da abin da maki ya nuna idan akwai abin da takardar ba ta kama ba, yana iya saukar da shi. Kotun ƙolin jihar, a wani hukunci na 2014, ta fayyace yadda ake neman wannan sauƙi da irin hujjar da ake buƙata. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Duk wannan daidai ne, domin lambar da za ta bi mutum har kabari bai kamata ta fito daga teburin wani magatakarda ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Takardar ce nake da ja a kanta. Ta cakuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: yaya munin abin da ya yi, da kuma yaya yiwuwar ya sake. Ta farko an riga an amsa ta ranar da aka yanke masa ɗauri. Ɗauki maganar amsa laifi. A zuciyar kowa, wanda ya ƙi nadama ya fi haɗari, ni ma haka zuciyata ke faɗa min. Amma a 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, Karl Hanson, da abokiyar aikinsa Monique Bussière suka tattara bincike 61, suka ga musun laifi bai nuna wanda zai sake ba. Abubuwan da suka nuna su ne irin su karkatacciyar sha'awa ga yara, da tarihin maimaita laifi, da rayuwar karya doka gaba ɗaya. Ga kuma wanda ke musu don yana ɗaukaka ƙara, shi ma maki 10 ɗin na iya hawa kansa. Haka maganar sakin mutum babu mai sa ido: wanda ya zauna ya cinye wa'adinsa kaf a gidan yari shi ne ke fita babu talala, sai a ƙara masa maki 15 a kan abin da ba shi ya yanke ba. Kuma takardar ba ta rage wa tsoho komai, alhali shekaru suna cikin abubuwan da suka fi tabbata a wannan fanni.

Akwai ma'aunin da aka gina a kan bin diddigin dubban mutanen da aka saki. Hanson ɗin nan da David Thornton suka fito da shi a 1999, ana kiransa Static-99, aka kuma gyara shi a 2009. Tambaya 10 ce kawai: shekarunsa ranar saki, ko ya taɓa zama da abokin rayuwa na shekara biyu, sau nawa aka tuhume shi da laifin jima'i a baya, ko ya zalunci wanda ba danginsa ba, ko baƙo, ko namiji, da makamantansu. Matashi ana ƙara masa maki ɗaya, wanda ya kai 60 a rage masa uku. Ya fi hasashen ƙwararre shi kaɗai dacewa, shi ya sa ake amfani da shi a Kanada da jihohin Amurka da dama. Duk da haka kada a ɗauke shi duba. Idan ka ɗauko mutum ɗaya da ya sake laifi da ɗaya da bai sake ba, kusan sau bakwai cikin goma ne ma'aunin zai ba na farkon maki mafi yawa. Abin da yake faɗa shi ne, cikin mutum ɗari masu irin wannan tarihi, kaza suka koma. Bai san wannan mutumin da ke tsaye gaban alƙali ba. Shi ya sa nake son a haɗa biyun, ma'aunin da aka gwada da alƙalin da zai saurari abin da ma'aunin bai gani ba, ya kuma rubuta dalilinsa idan ya kauce masa.

Abin da ya fi ba ni takaici a tarihin nan ya faru ne a Kotun Ƙolin Amurka. A 2002 Mai Shari'a Anthony Kennedy ya rubuta cewa yawan komawar masu wannan laifi abin tsoro ne, ya ambaci ƙiyasin da ya kai kashi 80 cikin ɗari ga waɗanda ba a yi wa gyaran hali ba. A 2003, a shari'ar rajistar jihar Alaska, kotun ta sake jingina da wannan magana ta ce rajista ba horo ba ce, matakin kare jama'a ne. Ƙananan kotuna suka yi ta maimaitawa. A 2015 wani malamin shari'a, Ira Ellman, da Tara Ellman suka bi sawun lambar har tushenta, sai ga shi daga wata mujallar gama-gari ta 1986 ta fito, a rubutun wani mai ba fursunoni shawara, babu wani bincike a bayanta. Alƙaluman gwamnatin Amurka kanta wani abu suka nuna daban. Cikin mutum 9,691 da aka saki a jihohi 15 a 1994, kashi 5.3 ne aka sake kamawa da laifin jima'i cikin shekara uku. Rahoton 2019, wanda ya bi waɗanda aka saki a 2005 tsawon shekara tara, ya samu kashi 7.7.

Na san abin da mai hankali zai ce a nan, kuma yana da gaskiya: kamu daban, aikata laifi daban. Yawancin fyaɗe ba a kai ƙararsa, musamman na cikin gida, don haka lambar gaskiya ta fi wadda ke rubuce. Ban yarda kowa ya ɗauki kashi 5 ko 7 ya ce ai babu komai ba. Yarinya ɗaya ma ta yi yawa. Sai dai wannan hujjar ba ta halatta a ƙirƙiri kashi 80, kuma idan aka bi ta har ƙarshe rajistar kanta take tona wa asiri. Wani bincike kan kamun da aka yi a New York daga 1986 zuwa 2006 ya nuna sama da kashi 95 na waɗanda aka kama da laifin jima'i ba su da hukuncin irin wannan laifi a baya, wato ba rajistar da za ta nuna su. Wani rahoton gwamnati na 2000 kuma ya ce cikin yaran da aka zalunta, kashi 7 ne kawai baƙo ya yi musu, sauran dangi ne da sanannu. Uwar da ta duba shafin intanet ta ga babu kowa a layinsu, ta saki jiki da mai koya wa ɗanta karatu ko ƙanin mijinta, rajistar ba ta taimake ta ba.

Sai maganar lokaci, wadda dokoki da yawa suka toshe kunne a kanta. A 2014 Hanson da abokan aikinsa suka nuna cewa masu babban haɗari, kashi 22 cikinsu ne ke komawa a shekara biyar na farko bayan saki. Amma waɗanda suka yi shekara 10 a gari ba su yi komai ba, nasu ya sauka zuwa kusan kashi 4 a shekara biyar da ke biye. Haɗari yana da nauyi a farko, yana raguwa da zaman lafiya. Hankali zai ce a zuba ido sosai a shekarun farko, sannan a buɗe ƙofar sake awo. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce haka a 2010, cewa ajiye mutum a rajista har mutuwa babu damar a sake duba lamarinsa ya saɓa wa haƙƙinsa, yanzu babba yana iya neman a duba bayan shekara 15. Can rajistar ma ba a baje take ba, tana hannun 'yan sanda, iyaye ne ke zuwa su tambaya game da wani takamaiman mutum da ke kusantar ɗansu. Jihar California, wadda rajistarta ta haura mutum dubu ɗari kusan kowa har mutuwa, ta koma tsarin shekara 10, 20 da tsawon rai daga 2021. Babbar mai gabatar da ƙara ta Los Angeles a lokacin tana cikin waɗanda suka nemi gyaran, domin jami'ai suna ɓata lokaci a kan takardun mutanen da suka yi shekara talatin ba su taɓa kowa ba.

Idan kuwa aka yi wa kowa kuɗin goro, sakamakon yana nan a Miami. An hana masu rajista zama a cikin ƙafa 2,500 daga makarantu da wuraren taruwar yara, sai ya zama kusan babu gidan da ya halatta musu a birnin. Daga wajen 2006 zuwa 2010 gommai daga cikinsu a ƙarƙashin gadar Julia Tuttle suke kwana, da sanin hukuma. Ba tausayinsu nake roƙo ba. Mutumin da ba shi da adireshi, ba aiki, ba dangi a kusa, ya fi wuyar sa ido, kuma ba shi da abin da yake tsoron rasawa. Patty Wetterling, wadda aka sace ɗanta Jacob a Minnesota a 1989 kuma aka sa wa dokar rajista ta tarayya ta 1994 sunansa, ita kanta daga baya ta fito ta soki yadda aka faɗaɗa dokokin har suka kauce wa manufarsu.

Mu a Najeriya wannan muhawara ta iso ƙofarmu. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi rajistar waɗanda aka yanke wa hukunci, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP kuma ta ƙaddamar da ta ƙasa a Nuwamban 2019, bayan Ekiti da Legas sun riga sun fara nasu. A Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumban shekarar Kaduna ta yi dokar dandaƙa. Dokar 2015 ɗin ta ba kotu damar ayyana mutum a matsayin mai haɗari, misali idan an same shi da laifin fiye da sau ɗaya ko a kan yaro ya aikata. Ke nan alƙalanmu ma za su riƙa fuskantar tambayar nan ta wa ya fi haɗari.

Tsorona shi ne wani ya ɗauko takardar New York ko ma'aunin Kanada ya ce mu cike. Waɗannan ma'aunai a kan rubutaccen tarihi suka dogara: sau nawa aka kama shi, sau nawa aka yanke masa hukunci. A wurinmu kuwa maganar sau da yawa a zaure take mutuwa. A tara dattawa, a ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure, a biya kuɗin magani, mutumin ya tashi ya koma wata unguwa ko wata makaranta. Wanda aka sasanta maganarsa sau huɗu a gida, ranar da ya faɗa hannun kotu, a takarda sabon shiga ne, kowane ma'auni zai ba shi ƙaramin maki. Talakan da ba shi da mai tsaya masa shi ne zai tara tarihi. Idan muka yi awo a kan irin wannan rumbun bayanai, gata za mu auna, mu sa masa hatimin kotu.

Don haka aikin farko a wurinmu yana zuwa ne kafin rajista. Ƙarar da aka kai ofishin 'yan sanda a rubuta ta kuma kada ta ɓace don an sasanta. Hukuncin da kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ta yanke a wata ƙaramar hukuma ya isa rumbu guda da alƙalin wata jiha zai iya dubawa. Makarantun boko da Islamiyyu da gidajen marayu su sami hanyar tambaya kafin su ɗauki malami ko mai gadi. Ranar da za a ayyana mutum mai haɗari a yi zama na musamman, da lauyansa, a ji rahoton gidan gyaran hali da na likitan ƙwaƙwalwa inda akwai shi, a ji ta bakin iyayen yarinyar idan suna so, alƙali ya rubuta dalilansa, a kuma sa ranar da za a sake duba matakin.